Hannun da Ke Bayan Faifan

Litinin, 3 ga Maris, 2008

Yaran ajina sun ɗauka jita ɗaya ce a waƙa, ta mai tsayawa gaba yana girgiza gashi. Na ce su saurari ta baya, mai riƙe kiɗan. Na sa musu faifan ƙungiyarmu na 1974. Ɗalibata Dunja ta ce, "Malam Radovan, buɗewar waƙar nan ku kuka kaɗa?" Na ce e. Shekara talatin da huɗu ina cewa e. Zvonko ne ya kaɗa ta, mai jitar baya; ni ne na gaba.

Laraba, 5 ga Maris

Dunja za ta kaɗa buɗewar a bikin makaranta. Yatsunta duk sun yi kanta, sautin ya ƙi fita. "Malam, ku nuna min mana." Na ce wuyan hannuna ke ciwo. Ta ce ita ce ba ta da baiwa, za ta mayar wa kawunta jitarsa.

Yarinyar da ta fi kowa kunne a ajin.

Alhamis, 6 ga Maris

Na gwada a gida. Ban iya ba. Da ma ban taɓa iyawa ba.

Asabar, 8 ga Maris

Na hau bas zuwa garin Sombor. Na tarar da Zvonko yana yi wa itatuwansa aski, ya tsufa sosai.

"A'a! Sarkin gashi! Ina gashin ya tafi?"

Ya dafa kofi, na faɗa masa komai. Ya yi dariya har da tari.

"Ɓarawon banza, ka saci kiɗa ka bar makullinsa! Tsirkiya biyu nake sassautawa, ta sama da ta ƙasa, don ta yi kukan garayar kakana. Shekara shida kana gabana, ko sau ɗaya ba ka waiwayo ba."

Da zan tafi ya ce, "Yarinyar tana da hannun kiɗa?" Bai tambayi sunan wa ake faɗa a kan kiɗan ba. Wannan ya fi min ciwo.

Litinin, 10 ga Maris

Na rubuta sunan Zvonko a allo. Alli ne kawai, ba wani abu ba. Dunja ta karanta, ta dube ni.

Na miƙa mata jitar. "Laifin ba na yatsunki ba ne, 'yata. Sassauta waɗannan biyun. Ni ma yau zan fara koya. Gwada mu ji."