Jinin Ioelu da Abokin Tafiyarsa

Brisbane

Ƙanwata Malaea,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin jaririnki Ioelu, ya Mama da ciwon gwiwa? Ni dai ina nan, daga ɗakin gwaji sai ɗakin kwana.

Akwatin kwalaben jinin ya iso daga gida Apia, amma Mama ta yi mana aika-aika. Na ce kada a sa ƙanƙara, ita kuwa ta danne kwalaben da ita kamar kifin da take aiko mini. Fararen ƙwayoyin jini suna da 'yan ƙugiyoyi da suke cafke cuta da su. Sanyi yakan sa su ɓoye su a ciki, ɗumin jiki ya fito da su. Ƙugiyoyin nan likita yake zargin Ioelu bai da su, shi ya sa cibiyarsa ta ƙi faɗuwa, ƙurajen suka ƙi warkewa.

Dalilin aiko jininsa tare da na mai lafiya ke nan, su sha wahalar hanya tare, in na mai lafiyar ma ya lalace mu san laifin hanya ne. To, na maƙwabciyarku mai lafiyar ma bai nuna komai ba, ƙanƙara ta kashe duka. Declan, tsohon da muke aiki tare, ya ce in gaya wa Mama kifinta ya iso lafiya. Na yi dariya, kuma wallahi na ji daɗin ɓarnar, don ta bar mini sauran fata.

Ku sake aikowa. Ki ɓoye mata akwatin.

Yayarki,
Fuarosa

Brisbane

Malaea tawa,

Ina gaishe ku duka. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba.

Wannan karon komai ya iso daidai. Da muka ɗumama jinin maƙwabciyar, ƙugiyoyi suka fito fal. Na Ioelu shiru. Declan ya dafa kafaɗata ya ce, "Ki je gida, yarinya." Wa zan tarar a gidan? Na zauna ina ta sake ɗumamawa, ina neman laifin injin, laifin hanya, laifin hannuna. Babu mai laifi.

Akwai magani, dashen ɓargo, amma a nan ake yi. Likita zai kira ki. Na share ɗakina, ni zan kwana a kujera.

Ki kawo shi da wuri. Ina jin tsoro, Malaea, kuma ban taɓa ɗaukarsa ba, jininsa kawai na riƙe.

Taki har kullum,
Fuarosa