Masu Haƙa Mana Ƙasa

Unguwar Lalle,
ta Sabon Birni.

Zuwa ga Yayana Alhassan, a Kumasi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka baki ɗaya. Mu nan lafiya lau muke. Inna ta samu sauƙin ƙafarta, har ta koma yin faɗa da awakin maƙwabta, ka kuwa san in ta fara wannan to ta warke. Fari dai yana nan, geron bana ko gwiwa bai kai ba ya bushe, amma rijiyar lambun Baba ba ta ƙafe ba, alhamdu lillahi. Mutane sun farga da shuka itace, dashen mangwaro da gwaiba da dogon yaro da maigidana Malam ke reno, in ya kai kasuwar Isa ba ya dawowa da ko ɗaya.

Yaya, wani al'amari ya faru da nake so ka ji shi daga bakina. Ka san dashe ba ya yi sai da baƙar ƙasa da taki, namu wurin kuwa yashi ne. Wani ɗan kwangila ne ke kawo mana daga fadamar can wajen iyaka, da jakuna da mutane maza da mata, kuma da araha ƙwarai. Ba mu taɓa tambayar ko su wane ne ba. In sun sauke kaya sai su tsuguna gefe shiru, wani ƙato mai sanda yana tsaye kansu.

Wata rana da zafi ya tsananta, na aika matan su shigo cikin gida su sha fura. Mai sandan ba shi da halin biyo su. Ɗaya daga cikinsu, Saude, ta karɓi ƙwarya ta riƙe ba ta sha ba. Da na tambaye ta, sai ta ce ko za ni yarda ta tafi da ita, ɗiyanta suna can ba su karya ba. Na zaunar da ita, ta faɗa mini komai. Su mutanen ƙetaren iyaka ne, fari ya kashe musu dabbobi, ɗan kwangilar nan ya same su kan hanya ya yi musu alkawarin aiki da lada. Da sunka iso ya zuba su cikin shingen ƙaya, abinci sau ɗaya, lada babu. In manya sun fita aiki sai a tsare yara, don kada kowa ya gudu. Mijinta Na'Allah ya taɓa cewa za su tafi, anka yi masa dukan da har yau hannunsa bai miƙe sosai ba.

Na gaya wa Malam. Ya rantse bai sani ba, amma ya ce lokacin cika ledojin dashe da ƙasa ne, in ƙasa ta yanke bana ba mu da dashe, ga shi rumbu ba komai. Ashe Inna na jin mu daga ɗaki. Ta fito ta ce ita daga yau ba ta ƙara cin tuwon da ya fito daga lambun nan, ko yunwa za ta kashe ta, don mijinta bai kafa shi kan wuyan ɗiyan mutane ba. Ta kuwa ture akushinta.

Da safe Malam ya hau keke ya zaga masu lambu na nan da na Isa da Gatawa. Wasu sun yi ta ja, amma yawancinsu sunka yarda ba mai ƙara sayen ko kwando ɗaya daga hannun mutumin. Sunka ɗauki liman sunka tafi wurin hakimi, shi kuma ya haɗa su da 'yan doka, anka je anka buɗe shingen. Malam ya ce da yara sunka fito a guje suna neman iyayensu, har dattawa sai da sunka juya baya suna share ido. Ɗan kwangilar yana hannun hukuma.

Yanzu masu lambu sun yi shawara ɗaya. Duk wanda zai kawo ƙasa ko taki ko zanar yin inuwa, sai an je an ga inda ake aikin da ido. Ana keɓe ma'aikaci a tambaye shi ba a gaban ubangidansa ba, ladansa kuma a hannunsa ake sa masa. Matan ni ke tambayarsu a cikin gida. Ƙasa ta ƙara tsada, dashenmu na bana kuma ya yi latti ya ragu, amma Inna ta koma cin tuwonta har da neman ƙari. Wasu daga mutanen sun koma gida, wasu sun zauna. Saude da mijinta suna aiki tare da mu, ɗiyansu sun yi kumatu, kullum suna cikin kwatami suna ɓata mini ruwa.

Kwanan baya Na'Allah ya zo ya durƙusa gaban Malam, yana ta kewaye-kewaye, da ƙyar ya ce yana so ya je ya dubo tsohuwarsa, amma zai bar yaran a nan don a tabbata zai dawo. Malam ya ce ya kwashi iyalinsa duka su tafi, in sun ga dama su dawo, in ba su dawo ba Allah ya sa albarka. Bawan Allah ya tsaya yana kallonsa, ya sake tambaya ko da yaran ake nufi. Sunka tafi, ni kuwa na cire rai. Ranar Juma'ar nan ina daka sai na ji sallamar Saude. Sun dawo dukansu, har da tsohuwar bisa jaki, ta ce ta zo ta ga gidan da ake barin mutum ya tafi.

Ka gaishe mini da Yaya Zulaihatu da kyau, da Jamilatu da Ruƙayyatu, Allah ya raya su. Inna na sa muku albarka, Malam ma yana gaisuwa. Ku taya mu roƙon ruwa.

Ni ce ƙanwarka mai begenka,
Fatu.