Tun da Jirgin Ya Koma Waya Baba Ya Koma Gado

Hajiya Tani, ki taimake ni da shawara don Allah, na gaji. Sau uku ina fara wasiƙar nan ina gogewa, don ko ni idan na karanta sai in ga kamar abin dariya: mace mai shekara arba'in da shida tana kawo kuka a kan jirgin wasa. Amma jirgin wasan nan ya hana gidanmu sakat wata huɗu ke nan.

Ni 'yar Maamobi ce, ina sayar da shinkafa da man girki a Kasuwar Malam Atta. Gida ɗaya muke da mahaifina, shi yana ɗaki da falo na gaba, ni da maigidana Mas'udu muna baya. Mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa. Baba direban jirgin ƙasa ne, ya yi shekara talatin da biyu tsakanin Accra da Kumasi. Tun kafin a haife ni wani Bature injiniya da zai koma ƙasarsu ya bar masa ƙaramin jirgi irin na wasa, da kansa da taragai shida da layin dogonsa. Baba ya kafa shi a kan katako mai faɗin ƙyaure biyu, ya cinye rabin falo. Shekara da shekaru yana ƙara masa abubuwa. Ya yi gada, ya yi tudu da rami a ciki, ya yi gonar koko daga soso da siririyar waya, har tashar Nsawam ya yi da mata masu tallar burodi na yumɓu.

Jirgin tsohon yayi ne. Wuta ce ke bin dogon, akwai wani baƙin akwatin ƙarfe da Baba ke kira taransifoma, da abin murɗawa a kansa. In ka murɗa kaɗan jirgi ya tashi a hankali, in ka ƙara ya ƙara gudu. Tun muna yara kallo kawai aka yarda mu yi. Ba wanda ya taɓa sa hannu a akwatin nan sai shi.

Bara ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Alhamdu lillahi bakinsa ya dawo, amma hannun da ƙafar sun yi nauyi. Duk da haka kullum bayan la'asar sai ya sa an ɗaga shi, ya dogara sanda, ya yi taku takwas daga gado zuwa teburin jirgi. Na ƙirga, takwas ne, kuma yakan ɗauki kusan minti goma. Sai ya jingina da bango ya yi ta fama da abin murɗawar da hannun hagu, ga shi ƙarami, ga tauri. Wata rana ya yi tangaɗi, saura kaɗan ya kifa a kan teburin. Na ɗauki bidiyonsa a lokacin na tura wa ƙanena Abdul-Hakim da ke Jamus, don kullum yana cewa ba na gaya masa gaskiyar jikin Baba. Ya kira ni yana kuka. Bayan sati uku sai ga saƙo ta hannun wani da ya zo gida: wata 'yar na'ura kamar sabulun wanka, wadda ake haɗawa da dogon, sai a tuƙa jirgin daga waya ba tare da igiya ba. Ya ce yanzu Baba zai yi tuƙinsa yana kwance.

Maigidana aikin wayar lantarki yake yi, don haka bai sha wahala ba. Muka shirya za mu ba Baba mamaki. Ranar da aka kai shi ganin likita Mas'udu ya cire taransifomar, ya ce dama igiyarta ta zaizaye, tana zafi, tana ƙaurin ƙuna. Ya haɗa sabuwar na'urar, ya sa manhajar a wayar Baba, ya ajiye tsohon akwatin a baranda.

Da yamma muka kira maƙwabta da abokan Baba biyu na masallaci. Wannan ma shawarata ce. Aka shigo da shi aka zaunar, Mas'udu ya ja yatsa a fuskar waya, jirgi ya tashi ba wanda ya taɓa tebur. Mutane suka yi ta mamaki, waya ta shiga hannu hannu, kowa yana gwadawa, har mai wankin da ke haya a gidanmu. Sai daga ƙarshe aka miƙa wa Baba. Yatsansa na hagu ya zame a gilashin ya kai ƙarshe. Jirgin ya kwasa da gudun da bai taɓa yi ba, ya kai kwanar gada ya sauka daga dogo, kan jirgin ya faɗo a siminti, bututun hayaƙinsa ya karye, ƙafa ɗaya ta fita. Wani ya yi dariya, ba da mugunta ba, har ya ce direba ya yi hatsari. Hajiya, Baba abin da yake alfahari da shi a duniya shi ne bai taɓa kayar da jirgi ba. Ya ce a mayar da shi gado, a rufe teburin da zane.

Washegari ina shara na ga akwatin a baranda, raina a ɓace, ga mai kwandem yana wucewa da kurarsa yana kiran tsoffin ƙarafa. Na haɗa masa da wata matacciyar fanka ya tafi da su. Wallahi a lokacin na ɗauka aikin akwatin ya ƙare.

Kwana biyu bayan nan Baba ya ce a mayar masa da taransifomarsa. Na ce tana wurin gyara a Adabraka. Tun daga ranar kullum da safe idan na kai masa koko sai ya tambaya, ni kuma kullum da abin da zan ce: mai gyaran ya yi tafiya, ana jiran wani ƙarfe, an rufe shagon. Na bar rumfata na yi ta yawon neman mai kwandem ɗin, sai bayan sati biyu na gan shi a Kokomlemle. Ya ce tun a ranar aka fasa ta aka cire jan ƙarfen ciki.

Yanzu Baba ba ya tashi bayan la'asar. Ba ya tashi sai don alwala da ban ɗaki. Matar da ke motsa masa jiki a asibiti ta ce ƙafar tana komawa baya, ta tambaye ni me ya canza, na ce ban sani ba. Shi kuma Baba ya ɗora wa Mas'udu laifin duka, yana ganin shi ya ɗauke akwatin ya hana. Idan Mas'udu ya durƙusa gaishe shi, da hannu yake amsawa. Mas'udu ya san gaskiya, ya rufa mini asiri wata huɗu, amma makon jiya ya ce haƙurinsa ya kusa ƙarewa, ko in faɗa ko shi ya faɗa. Abdul-Hakim kuwa kowace Juma'a yana neman bidiyon Baba yana tuƙi da waya. Nakan ce an ɗauke wuta. Ya fara cewa ba mu daraja abin da ya aiko ba.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Wata rana da aka kai Baba asibiti na yaye zanen, na ɗora wani ƙaramin kan jirgi da Baba ya ƙara daga baya, na tuƙa da wayar. Ya tafi sumul, ya ratsa ramin, na tsayar da shi daidai gaban masu burodi. Na ji daɗin da ban taɓa ji ba, sannan na zauna na yi kuka. Shekara arba'in ina kallon abin nan daga bakin ƙofa. Ina tsoron ko da gangan zuciyata ta ba da akwatin.

Hajiya, yana da hawan jini. In na faɗa wani abu ya same shi, ina zan sa kaina? In na yi shiru, aurena da ƙafarsa suna lalacewa. Kasuwa ma ba na iya tsayawa da hankali ɗaya. Me zan yi?

'Yar direba, Maamobi

*

'Yar direba, na karanta wasiƙarki ban yi dariya ba. Abin da mutum ya yi shekara hamsin yana ginawa da hannunsa ya wuce a kira shi wasa.

Bari in fara raba laifin, don kin tattara shi duka kin ɗora a kanki. Ƙanenki ya ga mahaifinsa yana shirin faɗuwa, ya aiko da abin da yake ganin zai hana, ya kyauta. Maigidanki ya cire akwati mai zaizayayyiyar igiya daga ɗakin marar lafiya, aikinsa ya yi. Na'urar ma ba ta da aibu. Kuskurenku guda ne: kun yi komai a bayan mai abu, sannan kuka gwada shi a gaban jama'a. Baba kuma yana da nasa, don amsa gaisuwar suruki da hannu wata huɗu ba daidai ba ne. Sai dai a kan labarin ƙarya yake hukunci, kuma ke kika ba shi labarin.

Ki lura da abin da kuka tsallake. Kun ɗauka tafiyar nan zuwa tebur wahala ce da za a ɗauke masa. Ita ce maganinsa. Jirgin ne ke tayar da shi daga gado, ku kuma kuka kawo masa jirgin gado. Ki koma wurin matar asibitin ki ba ta amsar da kika ɓoye, ki kuma tambayi likitansa yadda za a gaya masa labari marar daɗi ba tare da an tayar masa da jini ba.

Sannan ki faɗa masa, cikin makon nan, ke kaɗai, da rana, bayan ya ci abinci ya sha magani. Ki ce ke kika bayar, an fasa, Mas'udu ba shi da hannu, kuma ƙarya kika yi ta yi masa saboda tsoro. Kada ki kawo hujjar igiya ko ƙauri a wannan zaman. Ki nemi gafara ki yi shiru. Zai yi fushi, mai yiwuwa ya daɗe. Amma tsohon da ya yi aiki da injuna duk rayuwarsa ya san ba a wata huɗu ana gyaran akwati ɗaya. Ina zaton ya daɗe da sanin akwai magana, jira yake a girmama shi da gaskiya.

Game da gyara, na tambayi wani tsohon mai gyaran rediyo da na amince da shi. Ya ce irin waɗannan jirage wuta kaɗan suke ci, kuma ana samun akwatin murɗawa na hannu, ko mai sana'a irin maigidanki ya haɗa wani da babban mariƙi mai laushi wanda hannun hagu zai iya. Ana kuma iya sa makunni mai zaɓi biyu, ko hannu ko waya, amma ya ja kunne kada a taɓa sakar wa dogo wutar biyun a lokaci ɗaya. A kafa shi a tebur, ba a gefen gado ba, a sa kujera mai hannu a wurin saboda tangaɗi. Kada a ɗaura ko igiya guda sai Baba ya faɗi inda yake so. Mas'udu ya zama hannu, shi ya zama kai. A nan nake sa ran za su shirya, ba a wurin ban haƙuri ba. Kan jirgin da ya karye kuma, a kira mai gyaran agogo ya duba shi a gaban mai shi.

Wayar a ajiye ta don ranar da jiki ya ƙi. In manhajar tana da wurin rage iyakar gudu, a rage. Kuma ta daina yawo hannu hannu, sai wanda Baba ya miƙa wa.

Abdul-Hakim ba yaro ba ne, ki daina fakewa da wuta. Ki gaya masa duka, ki ba shi aiki: a ƙasar da yake ana sayar da tsoffin kayan irin wannan jirgi, ya kira Baba da kansa ya tambaye shi sunan akwatin da kamanninsa. Ko bai samu ba, tambayar za ta yi wa tsohon daɗi.

Daɗin da kika ji da kika tuƙa ba zunubi ba ne, kuma ban yarda da gangan kika ba da akwatin ba. Mace ce ke da ta gaji, tana shara da ɓacin rai. Kada ki haɗa wannan maganar da ta neman gafara. Ki bari sai ƙura ta lafa, wata rana ki roƙe shi ya koya miki tuƙi. In ya ƙi, kin dai tambaya.

Ki fara da maigidanki yau. Ki gode masa, ki gaya masa ranar da kika tsayar, don mutumin da ya ɗauki laifin da ba nasa ba har wata huɗu ya cancanci ya san ranar da za a sauke masa. Allah ya ba Baba lafiya, ya sanyaya zuciyarsa a kanku, ke kuma ya ba ki hutu.

Hajiya Tani