Farin Bayan Hannuna

Laraba, bayan sallar isha'i, Lugbe

Yau dai na je wurin likitar fata. Wata huɗu ke nan da farin nan ya fito a bayan hannuna, kuma tun lokacin Inna, uwar mijina, ta ware mini kofina daban. Ta rantse kifi na ci na kora da nono. Maman Blessing mai shago kuwa cewa ta yi man bilicin ne, ni da ban taɓa ko riƙe kwalbarsa ba. Amma abin da ke hana ni barci shi ne kalmar da kowa ya ƙi furtawa a gabana, wato kuturta.

Likitar ta kashe wutar ɗakin, ta haska wata fitila mai shuɗin haske, wurin ya fito fari fat kamar alli. Sannan ta ce in rufe ido, ta riƙa goga mini auduga.

"Kina ji, Hajiya?"

"Ina ji."

"To, ki kwantar da hankalinki. Tabon kuturta ba ya jin taɓi haka."

Ta ce garkuwar jikina ce ke kashe ƙwayoyin da ke ba fata launi. Ba abinci ba ne, kuma ba a ɗauka. Gobe za a ɗibi jinina a duba ko da matsalar maƙoƙo.

Ban sani ba ko Inna za ta yarda. A mota na riƙa hawaye, sai yanzu na gane dalili. Tun azumi, likitar nan ce ta fara riƙe hannuna ba ta goge nata a jikin riga ba.