Ɗanka Ya Daina Gudu Da Baya

Chak 58, Sahiwal
Litinin, bayan la'asar

Zuwa ga ƙanena Liyakat Ali, a Maskat.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya kare ka daga zafin ƙasar nan da hatsarin babbar motar da kake ja. Mu nan duk lafiya, sai godiya. Gwiwar Amma, mahaifiyarmu, ta yi sauƙi tun da aka canja mata magani, har ta koma yawon gidajen maƙwabta tana gyara wa mutane tarbiyyar 'ya'yansu. Baƙar ɓaunar nan ta haihu, mace, nono ya wadata a gida. Alkama ta fara ja, in Allah ya tsare mu da ƙanƙara bana za a ji daɗi. Matarka Parwin ta ƙulla maka mazarƙwaila da man shanu, suna cikin kayan da Munawwar zai kawo maka tare da wannan takarda.

Kada ka yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Sau uku ina kiranka, da na ambaci ɗanka Shafkat sai ka ce wai layi ba kyau. Layi lafiyarsa ƙalau, Liyakat. Ni na goya ka, na san ƙaryarka tun kana satar man shanu kana cewa kyanwa ce. Wata huɗu ke nan ba ka yi wa ɗanka magana ba, don haka ka zauna ka karanta, tunda takarda dai ba a kashe ta.

Ban ce ba ka da hujjar jin zafi ba. Abbanmu ya yi kabaddi, wasanmu na taɓa abokin gaba a gudo gida, kai ka yi har kafaɗarka ta goce, Shafkat kuma ya zo ya shafe ku duka. Daga Okara har Multan ba filin da bai shiga ya mari ƙirjin mai tarewa ya dawo layinsa lafiya ba, ga babura uku da ya ciwo suna jingine a zaure. Sai ga Hawaldar Mushtak, tsohon sojan nan mai horar da 'yan zari-ruga a gari, ya zo da takarda wai Shafkat ya sa hannu. Ni ma ranar ban ba shi ko ruwa ba. Amma mutumin bai ɓoye mana komai ba. Ya ce shekara tara yana koyar da wasan, in suna bugawa ba mai kallonsu sai awaki da ƙannen 'yan wasa, alhali Shafkat ko fitsari ya tsaya yi a bakin hanya sai mutum ɗari sun taru. Ya ce ya ɗauko 'yan kokawa biyu da wani mai tseren gudu, amma mai jan jama'a yake nema. Shafkat kuma ya ce da ni, wai Fufi, gwaggonsa ke nan, a kabaddi ya gama ganin ƙarshen hanya, yana so ya ga ko zai iya abin da bai gada ba. Ya sa hannu.

Abin da ya faru a wasan farko ka gani a waya, na kuma ji abokan aikinka sun yi ta nuna maka suna dariya. To bari ka ji daga bakin wadda ta gani da idonta, don muna kan rufin makarantar 'yan mata, ni da Parwin da rabin matan ƙauyen nan. Jama'a kam Hawaldar ya samu, tarakta bayan tarakta, har da Buta makaɗi da gangarsa. Tun kafin a fara aka yi rigima, domin ɗanka ya shafe jikinsa da mai kamar kullum, alƙalin wasa ya sa aka goge shi da tawul aka cusa masa riga, shi kuwa yana ta jan wuyanta kamar an ɗaure ɗan maraƙi. Da ƙwallon nan mai kama da gwanda ta zo hannunsa, ya sheƙa, ya wuce mutum biyu, ya isa gaban wani ƙato daga cikin 'yan jami'ar Lahore, ya ɗaga hannu ya mare shi a ƙirji, tas. Sai kawai ya juya. Ya dawo da gudu da ƙwallon a hammata, ya ratsa abokansa suna ihu suna nuna masa gaba, ya tsallake layin tsakiya, ya bugi cinya ya ɗaga yatsa sama.

Abin da ba a nuna maka a waya ba shi ne, ba shi kaɗai ya yi kuskuren ba. Duk filin ya ɗauka an ci. Buta ya saki kiɗa, tsofaffi suka tashi suna rawa, ana watsa takardun rupi, ni kaina na yi guɗa har muryata ta dishe. Mutum dubu uku muna murna, 'yan Lahore kuwa sun zube ƙasa suna riƙe ciki. Sai da muka ga Hawaldar ya dafe kai ya tsuguna muka gane akwai magana. An ci mu ranar, ci mai kyau. Kafin magariba hoton ya zaga ƙasa, 'yan shayi suka sa wa ɗanka suna Ribas, in ya wuce sai wani ya yi ƙarar motar da ke ja da baya.

Kwana shida bai fita ba. Yaron da ke cin gurasar roti takwas ya koma biyu, yana zaune wajen ɓauna yana kallon ƙasa. Kabaddi ya bar ta, masu ita sun ce maci amana ne, sabon wasan kuma ya mai da shi abin dariya. A cikin kwanakin nan ne saƙonka ya iso cewa ya zubar da sunan gidanmu, kada ya ƙara kiranka. Na ji haushinka ranar, Liyakat, kuma har yanzu da saura.

Ran na bakwai Hawaldar ya zo, wannan karon na ba shi lassi, damammen nonon nan namu. Yana ta bayani a tsakar gida, wai sun yi ta gwadawa a atisaye, yaron ya san doka sarai, amma da hannunsa ya taɓa mutum sai ƙafafunsa su juya da kansu. Na ce masa ina ruwan ƙafa da doka, shekara goma sha biyar tana abu ɗaya, hali zanen dutse ne. Na ce shi soja ne amma ban ga dabararsa ba. Yaron nan tunda yake ba a taɓa kama shi yana komawa gida ba, to maimakon a hana shi komawa, a matsar masa da gidan mana. Mutumin ya ajiye kofi ya dube ni, ya ce Baji, wato yaya, da ke aka ba horarwar nan da tuni an wuce wurin. Na ce ai ba a tambaye ni ba.

Washegari ya tara ƙasa tsibi biyu, irin wadda ake yi a layin tsakiya a kabaddi, amma ya kai su can bayan dogayen sandunan abokan gaba. Ya ce da Shafkat daga yau da ƙwallo ta shiga hannunsa ya ɗauka ya riga ya taɓa, yana cikin ƙasar maƙiya, gida kuma ga shi can. Mako biyar suna wannan. Yana dawowa da gwiwa a ƙuje, kunne a kumbure, amma roti ya koma takwas. Shi kuma ya koya wa sauran yadda ake cafke idon sawu, har 'yan kokawar nan biyu suka fara ce masa Ustad, wato malam.

Jiya Lahadi 'yan Lahore suka dawo, wasan da zai kai mai nasara ga na ƙarshe a lardi. Jama'a ta ninka ta farko, kuma ba zan yi maka ƙarya ba, rabi dariya suka zo yi. Sai alƙali ya ce a kwashe tsibin ƙasar nan, doka ba ta yarda ba. Daga kan rufi na ga fuskar ɗanka ta canja. Allah ya yi wa Buta albarka. Ba wanda ya sa shi, ya saɓi gangarsa ya zaga ya tsaya daidai inda aka kwashe ƙasar, ya ce in yaro bai ga layi ba ai zai ji shi. Ka san mutanenmu, inda ganga ta yi nan suke yi. Kafin a hura usur gefen fili ya zama wayam, duk Chak 58 ta cunkushe a bayan sandunan 'yan Lahore. Da aka dawo hutu aka canja gefe, sai ƙauye ya tashi gaba ɗaya, da gadajen igiyar tsofaffi a ka, da masu gyaɗa, da mai shayi da tukunyarsa, aka ratsa fili aka koma ɗaya ƙarshen, wanda yake dab da bangon makarantar da muke kai. Baƙin suka tsaya suna kallo, wani a cikinsu yana tambaya wai ko gobara ce.

Wasa ya yi zafi. Sau biyu wani dogonsu ya ɓalle, sau biyu Shafkat ya nutse ya kama idon sawunsa ya kayar, tsofaffin da suka ce ba wasan maza ba ne suka fara gyara zama. Saura minti kaɗan suna gabanmu da maki uku, kai ƙwallo bayan layi kuwa maki biyar ne. Sai aka miƙo masa ita. Ya taho, kuma wa zai tare shi in ba ƙaton nan na ranar farko ba. Hannu ya tashi, tas a ƙirji. Liyakat, na ga kafaɗarsa ta fara juyawa. Parwin ta rufe ido da mayafi, ni kuwa na ce innalillahi, an sake. Nan Buta ya buga kiɗan dawowa, wanda yake yi maka a zamaninka, mutum dubbai suka kama kiran sunansa suna cewa nan ne, nan ne. Yaron ya ɗago kai ya gan mu. Ya goce ta ƙarƙashin hannun ƙaton, ya yi wa na biyu tsallen nan naka, na uku ya kama rigarsa ta yage a hannunsa, na huɗu ya rungume ƙafarsa. Haka ya ja shi a ƙasa taku uku ya faɗa bayan layi da ƙwallon a ƙirji.

Wannan karon sai da muka dubi Hawaldar tukuna. Da muka ga ya jefar da hularsa sama yana kuka, sai fili ya fashe. Ban san lokacin da takalmina ɗaya ya faɗa ƙasa daga rufi ba, har yanzu ban same shi ba. Aka ɗauki ɗanka a kafaɗa har ƙofar gida. Ƙaton nan da kansa ya zo ya rungume shi, ya buɗe riga yana nuna wa mutane shatin yatsu biyar yana dariya. Masu ce masa Ribas su ne a gaba wajen rawa, mai shayi har yana rantsuwa shi bai taɓa faɗa ba. Yau da safe Hawaldar ya aiko cewa samari arba'in da ɗaya sun zo a rubuta sunansu, kuma manyan wasan sun ce tunda nan jama'a take, a filinmu za a buga na ƙarshe. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ko da ya canja daji.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Da jama'a ta watse, na kai masa madara da almon. Na same shi zaune a kan gado da waya a hannu, ya buɗe sunanka yana kallo, bai danna ba. Na ce ya kira mana. Ya ce Abba ya ce kada ya kira, shi kuma bai taɓa tsallake maganarka ba sai sau ɗaya, ba zai ƙara ba. Sannan ya ce da ni, wai lokacin da ya ɗago kai ya ga kowa a bayan sandunan nan, har mutanen da ba ya shiri da su, sai da idonsa ya nemi mutum ɗaya duk da ya san ba ya nan. Na ajiye masa madarar, na fito na bar shi.

Wasan ƙarshe Juma'a ta uku ne daga yau, kafin a fara yankan alkama. Shekara biyu ba ka zo ba, ka nemi hutu. In mai gidanka ya hana, to ka kira yaron da safen ranar, ko tari ne ka yi masa a waya ya ji. Ni dai na gaya wa Buta ya bar wurin mutum ɗaya kusa da gangarsa, ya ce ko gwamna ne ya zo ba zai ba shi ba.

Mahaifiyarmu Amma tana gaishe ka, ta ce ka rage shan shayi. Parwin da 'yarka Rukhsana da mijinta suna gaisuwa, haka ma baffanmu Chacha Khushi, wanda ya ce a gaya maka tsallen yaron ya fi naka. Ka gaishe da Munawwar in ya iso, da Ashik ɗan Masi Sughran da kuke ɗaki ɗaya. Shafkat bai ba ni saƙon gaisuwa ba, ya ce ba a ba shi izini ba tukuna.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Yayarka da ta goya ka,
Naziran Bibi