Accata a Hannun Amma

Zuwa ga 'yata Rifkatu,

Bayan gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu, ina fata wannan wasiƙa za ta same ki lafiya, ke da mijinki Nuwan da jikata Nimali, da dukan mutanen gidanku a can Sri Lanka. Mu nan Kafanchan lafiya ƙalau, ruwa ya sauka, kowa ya duƙufa shukar citta. Na rubuta miki a fili inda kowa zai karanta, domin in na kira ki a waya sai in yi ta cewa ba komai, alhali akwai magana a cikina.

Kishi nake yi, Rifkatu. Da surukarki nake kishi, wadda kike kira Amma, wato uwa a yarensu, kuma na gaji da ɓoyewa.

Lokacin da kika ce kin haɗu da miji a asibitin da kike aiki a ƙasar Larabawa, kuma ƙasarsu za ku koma, sai da na sayo taswira. Na daɗe ina lalube kafin in ga wurin, ɗan tsibiri kamar mangwaro a ƙarƙashin Indiya, ruwa ya kewaye shi ta ko'ina. Na ce a raina, wannan ɗan wuri ba zai riƙe 'yata ba, za ta gundura ta dawo. Ashe ban san komai ba.

Sai hotuna suka fara zuwa. Tuddan Kandy kore shar, gonakin shayi a jere har inda ido ya tsaya, mata da kwanduna a baya suna tsinkar ganye. Na nuna wa Mama Ngozi mai shagon kusa da tasha, ta ce, “Kai, Mama Rifkatu, wannan wuri ya fi duwatsunmu na Kagoro kyau fa!” Kwana uku ban sayi ko ashana a wurinta ba.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na jirgin ƙasa, kina zaune bakin taga yana ratsa duwatsu cikin hazo. Marigayi babanki a layin dogo ya ƙare ƙarfinsa, kullum yana ce miki, “In kin girma zan kai ki Jos a jirgi, ki ga ƙasa.” Bai samu ya kai ki ba. Tasharmu ta yi tsit, ke kuwa ga ki can kina dariya a jirgin wasu.

Da kika haihu, likita ya hana ni doguwar tafiya saboda hawan jini. Surukarki Amma ce ta yi miki wanka, ita ta gasa miki jiki, ita ta fara goya Nimali. Na yi godiya a baki, na shiga ɗaki na yi kuka.

Watan jiya kuma kika turo hoton sabuwar shekararsu. An tafasa madara a sabuwar tukunyar ƙasa har ta zuba, wai alamar albarka ce. Ga ki cikin naɗin zanensu, kin miƙa wa Amma damin ganye da hannu biyu, kin sunkuya har goshinki ya kusa taɓa ƙafarta. Ke fa, Rifkatu! Ke da nake fama da ke ki durƙusa wa baƙi, ki ɗan lanƙwasa gwiwa ɗaya ki ruga. Na faɗaɗa hoton nan da yatsa ya fi sau goma, ina neman inda zan ga dole aka yi miki. Ban gani ba.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Kin gaya mini cewa a al'adarsu, ranar da jariri zai fara cin abinci biki ake yi. A duba lokaci mai sa'a, a dafa shinkafa da madarar kwakwa, a shimfiɗa tabarma, babba a gida ya sa wa yaro lomar farko. Da na ji haka sai na ƙulla dabara. Na je kasuwa na zaɓo acca mai kyau, na rege ta sau biyar har babu ƙwayar yashi, na shanya, na ƙulle. Na ba 'yar cocinmu mai komawa aiki a asibitin da kuka baro, ita ta san yadda ta yi ta iso da ita. Na ce ki dama wa yarinya kunu da safe a ɓoye, kafin a fara bikinsu. Niyyata in riga Amma shiga bakin jikata, ko da daga nesa ne. Allah ya gafarta mini, niyyar ke nan.

Ranar Asabar da aka yi bikin, kafin bakwai na safe, ina zaune a tsakar gida da waya ina kallonku ta bidiyo, ku kuma rana ta ɗaga a can. Na ga Amma ta fito da faranti, an yanka abincin gunduwa-gunduwa kamar yadda suke yi, sai dai launin bai yi mini kama da shinkafa ba. Na matso da wayar kusa da ido. Accata ce. Ashe kin kasa yin ɓoyon, kin nuna mata ƙullin, ita kuma ta ajiye shinkafar kakanninta ta dafa accar Kafanchan da madarar kwakwa. Ta ɗago farantin wajen waya, ta haɗa tafin hannu, ta kira ni da kalmar da kika koya mata, “Kaka.” Sannan ta sa wa Nimali a baki.

Da ma muguwa ce, Rifkatu, da na samu abin kai wa zumuntar mata a taya ni addu'a. Na shirya mata wayo, ta rama mini da alheri, ta bar ni da kunya. Kishin kuma bai tafi ba, domin accar tawa ce, yatsun nata ne. Tsorona ɗaya, kada yarinyar nan ta girma ta san ni a matsayin wata tsohuwa mai fitowa a waya ana ce mata ta ɗaga hannu.

Nuwan ya ce saura biki guda, in ta kusa shekara uku: ranar da babba mai ilimi zai kama hannunta ya koya mata harafin farko. Ki gaya wa Amma cikin ladabi, wannan nawa ne. Shekara talatin na yi ina koyar da aji ɗaya, rabin garin nan ni na kama musu hannu, har da ke. Ina shan maganina kan lokaci, na rage gishiri, kullum da yamma ina takawa har bakin tasha in dawo. Jiya na je an ɗauke ni hoton fasfo. Kada kowa ya riga ni, ko da wasa.

Ubangiji ya tsare ku daga sharrin teku da na tudu, ya raya Nimali cikin tsoronsa. Ya sa wa Amma albarka, ya ƙara mata lafiya, da gaske nake wannan roƙo ko da yake da ƙyar ya fito. Ni kuma ya ara mini kwana da ƙarfin gwiwa, in zauna a kan tabarmar nan hannun jikata yana cikin nawa. Amin.

Ni ce mahaifiyarki mai kewarki,
Kakar Nimali ta Kafanchan