Kayen da Aka Manta a Madarunfa

Madarunfa, 12 ga Mayu 1998

Zuwa ga jikana kuma abokina Al'amin,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da abokan karatunka na Yamai. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwa da idon hagu. Uwarka Atika tana gaishe ka. Malam Yahaya, tsohon mushen lakkol ɗinku, wato malamin makarantarku, shi ke riƙe da alƙalami, ni ke magana. Na gaya mishi ya rubuta yadda na faɗa, kada ya gyara mini baki.

Saƙonka ya iso ta hannun Ɗan Azumi direba. Ka ce ka manta kayenka, littafin rubutun nan naka mai shuɗin bango, da ka zo Sallar Layya, kuma duk bitar jarrabawarka tana ciki. E, yana nan. Na same shi a ɗakin marigayiya kakarka, bisa tabarmar da ka kwana. Na sa shi cikin akwatina na kulle.

Ba zan aiko shi ba. Ka zo ka ɗauka da kanka.

Ga dalili. Alhaji Mamman na Katsina, mai masaukinmu, Allah Ya yi mishi rasuwa kwana bakwai da suka wuce. Ka san shi da suna. Gidansu ne gidanmu ke sauka tun zamanin jakuna. Kowace kaka ina aika mishi ƙunshin busasshen kifin tabkinmu, shi kuma ya aiko mini goro cikin ganye. Shekara arba'in da ɗaya ba mu tsallake ko ɗaya ba, har shekarun da aka rufe iyaka. Al'adarmu da su ita ce, in mai gida ya rasu, namiji daga jinin ɗaya gidan zai zo sadakar arba'in da kifi a hannu, ya faɗi sunan wanda zai ci gaba. In ba a zo ba, an sallami juna ke nan, ba faɗa, ba magana.

Ubanka ya rasu, yana ƙasa. Baffanninka ɗaya yana Libiya, ɗaya yana Kwatano yana wankin motocin da ake saukewa daga jirgin ruwa. Ni kuwa ko masallaci sai da sanda. Saura kai. Arba'in ɗin ta faɗa ranar Lahadi, goma sha huɗu ga watan gobe.

Ka huta lafiya. Ni ne kakanka,
Shu'aibu

Madarunfa, 27 ga Mayu 1998

Zuwa ga Al'amin,

Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka da ta karatu. Allah Ya sa zafin Yamai bai kai namu ba. Nan har yanzu ba a yi ruwan shuka ba, tabki ya ja baya sosai, masunta suna ta gunaguni.

Na ji amsarka. Jarrabawar ranar Litinin ce, kashegarin arba'in, kuma in ka faɗi wannan darasi shekara ta tafi, ga wadda yajin lakkol ya riga ya cinye maka. Uwarka ta yi kuka, ta ce ina wasa da rayuwar yaro. Kwana uku ke nan tana ajiye mini tuwo a bakin ƙofa ba ta shigowa. Ban canza magana ba.

Amma na sa Malam Yahaya ya buɗe kayen ya karanta mini, in ji abin da ya fi Alhaji Mamman daraja. Ya ce sunan darasin mondiyalizasiyon, wai duniya ce ke dunƙulewa ta zama kamar gari guda. Ya ce masananku sun rabu uku. Na farko sun ce iyakoki sun mutu, kaya da kuɗi da labari suna wucewa yadda suka ga dama, kowa zai ci riba. Waɗannan ba su taɓa tsayawa a shingen duwan, wato kwastan, na Ɗan Issa da buhun wake ba. Na biyu sun ce babban kifi ne kawai ya samu babban tabki. Su na fi yarda da su, don na ga gyaɗarmu ta rasa mai saye, na ga shinkafar ƙasashen da ban iya kiran sunansu ba ta cika kasuwar Maraɗi, na ga masaƙan garin nan sun rataye kayan aiki saboda gwanjo. Na uku sun ce abin tsoho ne, sauri kawai ya ƙara. Su ma ba su yi ƙarya ba, sai dai sun makara da ganewa.

Abin da ban ji ba a duk shafukan da aka karanta mini shi ne wanda zai shimfiɗa maka tabarma in ka isa. Rediyona tana kawo mini labarin Landan da na Makka kafin shayina ya huce, amma rasuwar Mamman, da ke nan Katsina, sai da ta kwana huɗu kafin ta same ni, ta bakin wani mai canji. In wannan ne gari guda, to gari ne da ba a san maƙwabci.

Da kakarka na nan da ita za ta raba mu. Matar da muke takara a kanta ni da kai ta tafi ta bar mu duka, sai ɗakinta da nake sa a share kowace Juma'a. Da la'asar nakan zauna a bakin ƙofarsa. Ba wanda ke wucewa da ya san sunan ubana.

Kayen yana akwati. Kakanka,
Shu'aibu

Madarunfa, 3 ga Yuni 1998

Abokina Al'amin,

Gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ɗan Azumi zai miƙa maka wannan takarda tare da kayenka. Na naɗe shi cikin leda biyu saboda hadari ya fara haɗuwa.

Kada ka ɗauka kukan uwarka ne ya karya ni. Jiya Malam Yahaya ya kai shafi na kusa da ƙarshe, inda malaminku ya ce kowa ya kawo misali daga ƙasarsu. Sai ya tsaya, ya gyara tabarau, ya ce a nan akwai sunana. Ka rubuta da jan bik, alƙalamin nan naku: kakana Shu'aibu, hanyar Katsina, kifi da goro, masauki. Ka ja layi biyu a ƙasa. Na sa ya maimaita sau uku. Ashe lokacin da nake ba ka labarin nan kana gyangyaɗi, kunne ɗaya yana buɗe.

Sai dai ka yi kuskure biyu, kuma ba zan bari ka kai su gaban malamai da sunana a kai ba. Ka ce ubana ne ya fara. Ba shi ba ne, kakana ne Ɗan Baba, wanda jakinsa ya karye a ƙofar garin Katsina, kakan Mamman ya ba shi nasa ba tare da ya tambayi sunansa ba. Kuma ka ce gyaɗa suke kaiwa. Kanwa ce da kifi. Gyaɗa ta zo daga baya, da Nasara.

Akwai shafi shida da ba ka rubuta komai ba a bayan kayen. Yanzu sun cika. Na sa an rubuta sunayen mutum huɗu na gidanmu da huɗu na gidansu, da inda ake yada zango, da yadda ake ɗaure ƙunshin da kaba, ƙulli uku, na tsakiya a juye. Kada ka duba su yanzu. Ka karanta naka, ka ba malamai amsar da suka koya maka. Bayan Litinin ɗin jarrabawa ka juya baya.

Maganar Katsina ka bar mini ita.

Kakanka,
Shu'aibu

Madarunfa, 17 ga Yuni 1998

Zuwa ga Al'amin,

Bayan gaisuwa, ina fata ka fito jarrabawa lafiya. An yi ruwa ranar Litinin, mutane duk suna gona, gari ya yi tsit.

Na je. Uwarka ta ɓoye sandata, na ari ta liman. Ɗan Azumi ya sa ni gaban motar wani abokinsa, ƙunshin kifi a cinyata. Tafiyar da kakana ke yi kwana uku mun yi ta kafin azahar, har da tsayuwar shinge biyar. Ban gane ko bishiya ɗaya ba.

Gidan an yi mishi ƙofar ƙarfe. Babban ɗan marigayin, Sule, mai sayar da kayan rediyo da yake ɗaukowa daga Legas, ya karɓi gaisuwata da ladabi, amma bai san ni ba. Na faɗi sunana, na faɗi Madarunfa, ya gyaɗa kai kamar yadda ake yi wa tsoho. Aka zaunar da ni can ƙarshen rumfa tare da masu jiran sadaka, aka miƙo mini waina a takarda. Ban yi fushi ba. Na zauna ina duban zauren da na kwana a ciki fiye da sau talatin. Da aka shafa addu'a na ba wata mata ƙunshin ta shiga da shi, na fara neman takalmina.

Ban kai ga sa na biyu ba sai ga Sule ya dawo da sauri, ya durƙusa. Uwarsa Hajiya A'isha, da ke cikin takaba, ta shafa ƙullin ta gane shi, don ita ke kwance shi kowace shekara. Ta sa aka shigar da ni zaure, aka shimfiɗa mini buzun marigayin. Daga bayan labule ta aiko da goro cikin ganye, ta kuma aiko da tambayar da ake yi: wa zai kawo na baɗi.

Na ba da sunanka. Ban nemi izininka ba. Sule ya rasa takarda, ya rubuta shi a bayan kwalin batir, ya sa a aljihun gaba. Na gaya mishi kai ɗan jami'a ne, kana karanta yadda duniya ke haɗuwa, ya ce to lalle za ku yi hira.

Tun da na dawo ƙafar ta kumbura, likita ya ce in daina yawo. Na ce mishi na gama. Goron na raba shi biyu, rabinka yana cikin tukunyar kakarka, ina yayyafa mishi ruwa kowace safiya. Ban san ko zai kai hutunku ba.

In ka ci jarrabawa, kifin kaka yana jiranka. In ka faɗi ma yana jiranka. Ƙulli uku ne, na tsakiya a juye.

Ni ne kakanka, mai jiran ganinka,
Shu'aibu